Wane intek ya dace da a-kori-kura mai aiki?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya. Yana da a-kori-kura mai injin fetur V8, yana ɗaukar kaya da ita, wani lokaci ya ja tirela, kuma kusan rabin tafiyarsa a hanyar da ba kwalta ce. Yana son ya cire akwatin iskar da motar ta zo da shi daga kamfani ya saka intek na kasuwa, wato bututu da filtar da ke kai wa injin iska, irin wanda ake tallata cewa yana shayar da injin iska mai sanyi. Ya ga iri-iri: wasu a buɗe, wasu a rufe, wasu filtarsu ana shafa mata mai, wasu busasshiya. Wanne zai ɗauka? Kuma da gaske ne abin yana ƙara ƙarfi yana rage shan mai?

Ɗan'uwa, kafin ka duba na kasuwa, ɗaga bonet ka bi akwatin da ke motarka da ido, ka ga inda bakinsa ya nufa. A yawancin a-kori-kura na zamani za ka tarar yana zuƙo iska ne daga cikin fenda ko daga bayan ragar gaba, wato daga wajen ɗakin injin. Ma'ana, iska mai sanyi da ake son sayar maka, motarka tana shanta tun ranar da ta fito daga kamfani. Wannan ba ya nufin duk intek na kasuwa yaudara ne. Yana nufin abin da zai iya ƙara maka kaɗan ne, abin da zai iya ɓata maka kuwa yana da yawa, don haka zaɓin ya kamata ya tsaya a kan wanda ba zai ɓata ba.

Dalilin son iska mai sanyi gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Injin fetur yana ƙona kusan kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na mai, kuma ƙarfinsa ya dogara da nauyin iskar da ta shiga silinda, ba faɗinta ba. Iska idan ta yi sanyi takan tattaru, idan ta yi zafi ta buɗe. Duk saukar digiri 3 na ma'aunin Salshiyas yana ƙara mata nauyi da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Ban da haka, ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, tana kallon zafin iskar da ke shiga, idan ta ga ya hau sai ta ja lokacin tartsatsin fulogi baya don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, ƙarfi kuma ya ragu. To a cikin ɗakin injin, musamman a cunkoso ko lokacin hawan tudu da kaya a hankali, iska na iya fin ta waje zafi da digiri 20 ko fiye. Ka ga ke nan duk intek ɗin da ya bar filta tsirara kusa da lagireto da bututun hayaƙi, sunansa kawai ke da sanyi.

Abu na biyu da ake tallatawa shi ne sakin hanya, wato iska ta wuce ba takura. Nan ma lissafi ne mai sauƙi. Injin mai lita 5.3 yana cika silindoginsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 5,500 a minti, iyakar abin da zai zuƙa lita 14,575 ne a minti. A juyi 2,000, inda kake tafiyar yau da kullum, iyakar lita 5,300 ce, kuma ko rabin wannan ba ya sha, domin totur ɗin a ɗan buɗe yake. A wannan yanayin murfin totur ne ke shaƙe iskar da gangan, ba filta ba. Ko ka cire akwatin gaba ɗaya, ƙafarka ce za ta ɗan ɗaga, iskar da ta shiga ta kasance daidai da ta da. Takurar akwati tana bayyana ne kawai idan ka take totur har ƙasa injin kuma yana can sama. Matsin iskar duniya a bakin teku kusan kilofaskal 101 ne (kilofaskal ma'aunin matsi ne), don haka duk kilofaskal ɗaya da intek ya cece maka kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na ƙarfi. Idan ya cece biyu a injin mai ƙarfin doki 350, ka samu doki 7, a wurin da mai jan tirela ba ya yawan zama. Ba ka jin doki 7 a mota mai nauyin tan biyu da rabi. Abin da kake ji ƙara ce, kunne kuma yana da saurin gaya wa mutum cewa mota ta ƙara gudu.

Batun shan mai kuwa, cire shi daga lissafi. Motar da ke da injekta da sensar iskar oksijin tana auna mai ne daidai da iskar da ta shiga, komai sauƙin hanyar ko takurarta. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motocin fetur da filta a toshe, ta gano cewa a motoci masu injekta toshewar ta rage kuzarin tashi amma ba ta yi wani tasiri a shan mai ba. Tsohuwar mota mai kafireta ce kaɗai ta ƙara sha. Idan filta a toshe ba ta ƙara shan mai ba, mai saki ba za ta rage shi ba. Abin da na fi gani shi ne akasin haka: mutum ya saka intek, ƙarar ta yi masa daɗi, ƙafa ta ƙara nauyi.

Idan bayan jin wannan har yanzu kana so, ba laifi. Son ƙarar injin dalili ne, haka ma filtar da ake wankewa, haka ma shirin ƙara wa injin wasu gyare-gyare nan gaba. Sai mu zo ga zaɓi, kuma a wurina filta ce kan gaba.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar injinka, ba zafi ba. Galibinta ɓurɓushin yashi ne mai kaifi, idan ya wuce filta sai ya gauraya da bakin mai a jikin silinda ya dinga cin ringin fistin a hankali. Ba ranar za ka gani ba. Bayan dubban kilomita sai injin ya fara shan bakin mai, matsi ya ragu, kana neman dalili. Akwai ma'aunin duniya na gwada filtar iska, ISO 5011, wanda ke nuna abu uku: kashi nawa na ƙura filtar ta tare, nawa ta iya ɗauka kafin ta toshe, da kuma yadda ta takura iska. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan buga sakamakon. Idan ka samu, karanta shi da kyau, domin lambobin suna ruɗi. Kashi 99 da kashi 99.9 a ido kamar ɗaya ne, amma ta farko tana barin ƙura ninki goma na ta biyu ta wuce. Kashi 98 kuwa ninki ashirin ne. Ka kuma duba da wace ƙura aka yi gwajin, mai laushi ko mai gautsi, domin tare mai gautsi ba abin alfahari ba ne. Wanda ya ba ka lambar yawan iska kawai ya ɓoye ta tacewa, ya gaya maka inda rauninsa yake.

Filta mai mai, irin wadda K&N ya yi suna da ita, auduga ce a ninke tsakanin ragar waya, ramukanta manya ne, man da ke jikinta ne ke kama ƙura. Tana sakin iska sosai, tana kuma daɗewa idan an kula da ita. Matsalarta tana hannun mai ita. Idan ka wanke ka shafa mai kaɗan, ƙura ta wuce. Idan ka cika, man ya bi iska ya zauna a kan siririyar wayar sensar MAF, wato mai auna iskar da ke shiga injin, ƙura ta manne, sensar ta fara ƙarya. Masu ƙera ta suna musanta cewa man na barin filta idan an shafa daidai, kuma na yarda da su a kan "idan an shafa daidai". Amma mutum nawa ne ke jiran ta bushe da kanta, ya auna man, ya bari ya ratsa kafin ya mayar? Kada kuma a taɓa hura mata iskar kwamfiresa, tana yaga zaren. Busasshiyar filta ta zaren roba ba ta da wannan wahalar, kuma masu kyau a cikinsu suna kusantar filtar takarda wajen tacewa. Kamfanoni irin su S&B da aFe suna ba da zaɓin biyun a akwati guda, AEM kuma ya shahara da busasshiya. Ga mai bin hanyar ƙasa irinka, busasshiya zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Sadaukar da tacewa don dokin da ba za ka ji ba, shi ne garin neman gira a rasa ido.

Sai akwati. A rufe, ba a buɗe ba. Wanda ake kira mai katangar zafi, wato filta a fili da ɗan faranti a gefe da roba a samansa da ke haɗuwa da bonet, ya fi ƙara kuma ya fi kyau a hoto, amma rufewarsa ta dogara da yadda robar ta kwanta, kuma ba ta cika kwanciya ba. A kan titi da gudu bambancin kaɗan ne, domin iska na ratsa ɗakin injin. A tsaye, ko a giya ta ƙasa da tirela a baya, nan ne zafin ke taruwa, nan ne kuma kake buƙatar ƙarfin. Ka lura, gwajin da ake nunawa a talla galibi da bonet a ɗage ake yinsa, da babbar fanka a gaba. Ba haka kake tuƙi ba. Akwati rufaffe da ya haɗu da ainihin ƙofar iskar da kamfani ya tanada shi ne ya cancanci sunan. Wasu suna zuwa da ƙofa ta biyu mai toshi da za ka iya cirewa. Idan ta buɗe zuwa ɗakin injin ne, bar toshin a wurinsa.

Kan bututu, na roba mai kauri ko na alminiyam, mutane suna ɓata lokaci fiye da kima. Alminiyam yana ɗaukar zafi, gaskiya ne, amma iskar da ke gudu ba ta daɗewa a ciki balle ta gasu. Na fi son roba don ba ta riƙe zafi bayan tsayuwa kuma ana iya zuba ta a siffar da ta dace da wurin. Ba shi ne zai yanke hukunci ba.

Abin da zai yanke hukunci shi ne sensa. Fara sanin irin wadda motarka ke aiki da ita. Motocin Silverado mai lita 5.3 da Tacoma, misali, suna da MAF a jikin bututu. Ram mai injin Hemi 5.7 ba shi da ita, yana lissafi ne da sensar matsi ta MAP da ta zafin iska, shi ya sa ba ya yawan damuwa da canjin bututu. MAF ba ta auna duk iskar da ke wucewa. Tana ɗanɗana ɗan abin da ya ratsa ta, ƙwaƙwalwar ta ninka shi bisa faɗin bututun da aka tsara ta da shi. Idan sabon bututun ya fi faɗi a daidai wurin sensar, iskar za ta rage gudu, sensar ta ba da rahoton ƙasa da gaskiya, mai ya yi kaɗan. Haka idan an zaunar da ita dab da lanƙwasa inda iska ke juyi. Ƙwaƙwalwar za ta yi ta gyarawa ta hanyar sensar oksijin, har gyaran ya wuce iyaka fitilar injin ta kama, na'urar gwaji ta nuna lambar matsala P0171 ko P0174, wani lokaci P0101. A wasu motocin har canjin giya yakan rikice, domin giyar otomatik tana amfani da lissafin nauyin da ke kan injin. Saboda haka kada ka sayi intek da aka ce yana shiga kowace mota. Nemi wanda aka ƙera wa shekarar motarka da girman injinta takamaimai, mai gurbin sensa a inda ya dace da kuma bakin tiyon numfashin injin. Shekara ɗaya tsakani na iya canza siffar sensar. Idan takardarsa ta ce sai an sake tsara ƙwaƙwalwar mota, to ka san ba intek kaɗai kake saya ba.

Ƙarar ma a yi maganarta. Waɗannan ƙullutai da kumbure-kumburen da ke jikin bututun kamfani ba ado ba ne, an auna su ne don su kashe wasu amo. Intek na kasuwa yana zubar da su. A cikin gari abin sha'awa ne. Amma ka tuna kai mai jan tirela ne: awa uku a doguwar hanya, injin yana tsaye a juyi 2,500 zuwa 3,000 da totur a buɗe, wannan gurnanin da ke burge ka zai koma ciwon kai, iyali kuma ba za su gode maka ba. Idan da hali, shiga motar wani mai irinsa ka ji shi a ƙarƙashin kaya kafin ka biya. Akwati rufaffe ya fi sauƙi a nan ma.

Ruwa ba ya matsuwa. Idan injin ya zuƙe shi da yawa, fistin ya taso ya tarar da abin da ba ya ja da baya, sandar fistin ce ke lanƙwashewa, wani lokaci ta fasa bulok. Duk intek ɗin da ya saukar da bakin shan iska ƙasa da inda kamfani ya ajiye shi, ko ya ƙara wani baki mai kamfato iska a ƙarƙashin bamba, ya ƙara maka wannan haɗarin. Idan kana ratsa rafi ko wuraren da ruwa ke kwanciya, abin da kake nema sinokel ne, bututun da ke hawa gefen gilashin gaba, haɗe da akwatin da aka toshe duk ramukansa. Yana da wata fa'idar: can sama ƙura ba ta kai ta kusa da taya yawa ba, kuma ana iya ɗora masa kai mai juya iska da ke wurgar da manyan ƙwayoyi kafin su iso filta. Ga motar da ke aiki a ƙura, wannan ya fi kowane intek amfani.

Kai naka fetur ne, amma masu dizal da masu turbo za su karanta, don haka in taɓa nasu. Turbo yana matse iska, matsewar tana zafafa ta, intakula ce ke sanyaya ta kafin ta shiga injin, don haka ita ce ke da babban rabo a zafin ƙarshe. Ƙwaƙwalwar kuma tana da adadin matsi da man da ta sa a gaba. Idan ka sauƙaƙa wa turbo numfashi, zai kai wannan adadin cikin sauƙi ne kawai, ba zai wuce shi ba. Ribar gaske tana zuwa ne bayan an sake tsara ƙwaƙwalwar an ƙara mai. Haɗarin kuwa ya fi girma: fankar turbo tana juyi fiye da 100,000 a minti, ƙura tana cinye bakin fukafukanta, kuma dizal yana zuƙar iska mai yawa ko da ba ka take totur ba. Yawancin manyan dizal suna da ɗan ma'aunin takura a jikin akwati. Idan bai motsa ba ko a ƙarƙashin cikakken kaya, akwatin kamfani bai takura komai ba.

Doka ta danganta da inda motar take. A Kalifoniya da jihohin Amurka da ke bin ƙa'idarta, intek sai yana da lambar izini ta CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta Kalifoniya, wadda ake kira lambar EO, kuma izinin na takamaiman mota da shekara ne. Idan babu, motar na iya faɗuwa gwajin hayaƙi. Wasu akwatunan kamfani suna da wani shafi na gawayi a ciki mai kama tururin fetur, cire shi ma taɓa kayan hayaƙi ne. Game da garanti, dokar Magnuson-Moss ta 1975 a Amurka ta hana kamfani soke garanti don kawai an saka kayan wani, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Amma idan an buɗe injin aka tarar da ƙura a bayan filtar da ba tasu ba, hujjar ta zo musu har gida. A wasu ƙasashen sharuɗɗan takardar garantinka ne abin dubawa, ka karanta su tun kafin ka kwance ƙusa ɗaya.

Da ni ne da wannan motar da wannan aikin, zan bar akwatin kamfani, in dinga saka filtar takarda mai kyau a kan lokaci, kuɗin kuma ya tafi ga taya, birki ko sanyaya man giya, waɗanda mai jan kaya ke jin amfaninsu kullum. Idan zuciya ta dage, to akwati rufaffe, busasshiyar filta mai sakamakon ISO 5011 a rubuce, wanda aka ƙera wa motar takamaimai, daga kamfanin da za ka iya samun filtar canji a wurinsa bayan shekara biyar.

Kuma ka auna, kada ka dogara da kunne. Ƙaramar na'urar OBD, mai karanta bayanan ƙwaƙwalwar mota, da ke haɗuwa da waya ta isa. Kafin ka canza komai, rubuta zafin iskar shiga a tsaye bayan injin ya yi zafi, da kuma a kan gudu, ka kwatanta da zafin waje. Rubuta gyaran mai na dogon zango, wanda na'urar ke nunawa da LTFT. Bayan ka saka sabon, ka yi tafiyar 'yan kwanaki, ka sake dubawa a hanya ɗaya da yanayi mai kama. Idan zafin shiga ya hau, ka sayi intek mai zafi. Idan gyaran man ya doshi kashi 10 ko ya wuce, ko dai bututun bai dace da sensar ba, ko iska na shiga ta wata kafa bayan sensar. Bi maɗauran ɗaya bayan ɗaya, domin sukan saki bayan zafi da jijjigar makon farko. Ka tabbata bututun ba ya gugar wayoyi ko tiyon ruwa, injin yana motsi a kan kujerunsa. Bayan wata guda a hanyar ƙasa, kwance bututun ka shafa cikinsa da farin ƙyalle. Ya kamata ya fito fes. Idan ya fito da launin ƙasa, duba bakin filtar da maɗaurinta. In sun zauna daidai, filtar ce ba ta tarewa, sai ka mayar da akwatin kamfani, wanda saboda haka ne ba a jefar da shi.